Firaimar ƙaramin harsashi: me ya sa ba a zaɓenta da ka

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa wuri guda: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita ta tafi, sai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da aka danna a tsakiyar gindin kwanson. Ukun farko kowa ya san aikinsu. Ta huɗun, wadda masu sana'ar ke kira firaima, ita ce ba a cika waiwaya ba, alhali in ba ta tashi ba sauran ukun sun zama kayan banza, in kuwa ta huje ta baya, idon mai harbi ne ya fi kusa da ita.

A ƙasashen da doka ta yarda, irin su Amurka, Faransa da Afirka ta Kudu, akwai masu lasisin harbi da ba sa zubar da kwanson da suka harba. Tsince shi suke yi, su wanke, su fidda tsohuwar firaima su sa sabuwa, su auna albarushi a sikeli, su dasa sabuwar ƙwaya. Bidiyoyinsu sun cika YouTube, kuma suna isowa wayoyin samarinmu a fadodin Maradi, inda ake kallonsu ana shan shayi, ana ɗauka abin ba shi da wuya. Wani ƙanena da ke zaune a Faransa, mai katin ƙungiyar harbin gasa, yana cikin masu wannan ɗurin hannu. Daga hirarmu, da karatun da hirar ta jawo ni, na gane cewa tambayar da ta fi hana su barci ba ta albarushi ba ce, ta wannan ɗan ƙoƙon ce: wacce za a sa wa ƙananan harsasan raifil, wato doguwar bindiga mai harba ƙwaya guda. Zan warware ta don a fahimci yadda abin yake aiki da inda hatsarinsa yake. Ba darasin ɗuri nake bayarwa ba, kuma a Nijar doka ba ta bar wannan aiki sakaka ba. Za mu zo kan wannan.

Ƙoƙon na tagulla ne, wani lokaci a yi masa rufin nikel ya yi fari. A cikinsa akwai ɗan ƙullin sinadari mai tashi da duka, an rufe shi da ƴar takarda, a bisansa kuma an kifa wata ƴar uwar maƙera mai ƙafa uku. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta daki bayan ƙoƙon ta lotsa shi, sinadarin ya matse tsakanin ƙoƙo da uwar maƙera, ya kama. Harshen wutar ya bi ta wata kafa da ke gindin kwanso, mai faɗin kusan milimita 2, ya shiga cikin albarushi. Kafin mutum ya ƙifta ido an gama. Amma a wannan ɗan lokacin firaima aiki biyu take yi, kuma nan ne tushen duk maganar: ita ce ke tada wuta, ita ce kuma marfin da ke hana wutar komowa baya.

Tsofaffin maharbanmu sun san zamanin da ba ta nan. Bindigar ƙanƙara, dutse ne ke kartar ƙarfe ya yi tartsatsi, tartsatsin ya kama albarushin da aka zuba a ɗan kasko na gefe, sannan wuta ta shiga ciki. In raɓa ta sauka ba ta tashi, in iska ta taso ta kwashe albarushin kaskon. Wani limamin coci a Sikotland, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagwar ruwa, ya gaji da yadda tsuntsayen ke hango walƙiyar kasko su kauce kafin harbi ya iso su. A 1807 ya yi rajistar dabarar tada albarushi da sinadarin da ke kamawa in an doke shi. Cikin shekarun 1820 aka sa sinadarin a ƴar hular tagulla da ake kifawa a kan nonon bindiga, irin wadda har yau ake gani a wasu bindigogin toka.

Da aka koma harsashi mai kwanso, sai hular ta koma gindinsa, kuma a shekara ɗaya, 1866, mutum biyu suka yi rajistar hanya biyu. Kanar Edward Boxer na masana'antar makamai ta Woolwich a Ingila ya sa uwar maƙera a cikin firaimar kanta, da kafar wuta guda a tsakiyar kwanso. Hiram Berdan na Amurka ya ƙera uwar maƙera a jikin kwanso, da ƙananan kafofi a gefenta, galibi biyu. Daga baya Amurka ta rungumi hanyar Boxer ɗan Ingila, Turai kuma ta daɗe a kan hanyar Berdan. Ga mai ɗurin hannu bambancin babba ne. Kwanson Boxer, tsinke guda ake zurawa ta kafar tsakiya ya tunkuɗo tsohuwar firaima. Na Berdan ba shi da kafar tsakiya, fidda tasa wahala ce, shi ya sa kusan duk maganar zaɓen firaima a kan ta Boxer take. Yawancin harsasan soja na Rasha da Sin irin Berdan ne, da kwanson baƙin ƙarfe, ba a yi su don a sake ɗura su ba.

Sinadarin ma ya sauya. Na dā yana barin gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo danshi, bindiga ta yi tsatsa a kwana biyu in ba a wanke ta da ruwa ba. Kamfanin RWS na Jamus ne ya fito da haɗin Sinoxid marar cin ƙarfe a ƙarshen shekarun 1920, kuma a kan irinsa duniya take har yau. Yana ɗauke da dalma, abin da zai dawo mana a gaba.

Firaimar Boxer girma biyu ce a yawancin harsasai: ƙarama mai faɗin milimita 4.45, da babba mai 5.33. Kowace kuma akwai ta raifil akwai ta ƙaramar bindigar hannu. Bindigar farauta mai lamba 12 da aka fi sani a yankinmu ba ta cikin wannan lissafi, tata dabam ce, ana ce mata 209. Ƙaramar ta raifil ita ake sa wa harsasai irin su .22 Hornet na 1930, .222 Remington na 1950, .223 Remington, .17 Remington na 1971, .204 Ruger na 2004, da 6mm PPC na masu gasa. A Amurka sunaye huɗu ne suka riƙe kasuwar: CCI, Federal, Remington da Winchester. A wajenta akwai Fiocchi na Italiya, Sellier & Bellot na ƙasar Cek, Ginex na Bosniya, Murom na Rasha, da RWS ɗin.

Na yi wa wani dattijon maharbi na wajen Madarumfa wannan bayani, mutum ne da ya tsufa da bindigar toka a kafaɗa. Ya saurara, sannan ya ce, "To ɗana, tunda duk faɗinsu guda, kuma duk rami guda suke shiga, mi ya hana mutum ya sa wadda hannunshi ya kai?"

Na ce, "Baba, shiga rami ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ta jure abin da ke zuwa bayan ta tashi."

Tambayarsa ita ce dai tambayar da Amurkawa suka riƙa yi a 2020 da 2021, lokacin da firaima ta ɓace daga kantuna. Kamfanonin da ke yin ta su ne ke yin harsashin kanti, da buƙata ta yi yawa sai suka riƙe ta don nasu aikin. Mutane suka koma sayen duk wadda suka gani, suna tambayar ko wannan za ta maye gurbin waccan. Amsar tana farawa ne daga matsi.

Hukumar CIP, wadda ke tsara gwajin bindigogi a ƙasashen Turai da dama, ta sa iyakar matsin .22 Hornet a bar 3,000 (bar ma'aunin matsi ne), na .223 Remington kuma a bar 4,300. Tayar babur da muke hawa iskarta wajen bar 2 ce. Wato abin da ke dannan cikin kwanson .223 ya ninka na taya fiye da sau dubu biyu. Wannan matsi yana turawa ta ko'ina, har ta kafar wuta zuwa cikin ƙoƙon firaima. Bayan ƙoƙon yana jingine da fuskar sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke rufe bayan harsashi, amma a tsakiya, daidai ramin da allura ke fitowa, babu abin da ya tokare shi sai kan allurar. A wannan wuri kaurin tagullar ƙoƙon ne kaɗai tsakanin wuta da cikin sakata. Kuma wurin shi ne allura ta riga ta lotsa ta raunana.

Masu harbi sun yanka firaimomi sun auna, kuma ma'aunin da aka fi yarda da shi ya nuna rukuni biyu. Remington 6½ da CCI 400 kaurin ƙoƙonsu wajen milimita 0.51 ne. Remington 7½, CCI 450 da CCI BR-4 kuwa wajen 0.64. Winchester WSR da Federal 205 suna tsakani. Tazarar milimita 0.13 ce, ido ba ya ganinta, amma kashi ɗaya bisa huɗu na kaurin siririn ƙoƙon ke nan. Shi kansa kamfanin Remington ya yi gargaɗi cewa kada a sa 6½ a harsasai masu matsi irin su .17 Remington, .222 da .223; an yi ta ne don masu sanyin matsi irin Hornet, kuma a can aikinta ba shi da aibi. Ga masu zafin sai 7½. Lamba ɗaya ce ta raba su a jikin kwali, wanda bai sani ba zai ɗauka ƙanwa ce da yayarta da za su iya musanya aiki. Ita CCI 400 mutane da yawa na amfani da ita a .223 a ɗuri mai sassauci ba tare da matsala ba, har littattafan ɗuri sun rubuta ta. Ni dai a ganina, duk harsashin da matsinsa ke kusa da ƙoli, mai kaurin ƙoƙo ce ta fi kwanciyar hankali, kuma da wannan ya kamata zaɓe ya fara kafin a zo kan ƙarfin wuta.

Ƙanen nawa ya taɓa aiko mani da hoton wasu kwansaye da wani abokin harbinsu ya ajiye don nuna wa sababbin shiga. An jera su gindi sama. Na farko lotsin allura ne mai kyau, zagayen firaimar kuma yana nan da ɗan lanƙwasarsa. Na biyu firaimar ta shafe ta cika ramin har gefe, ta zama shimfiɗaɗɗa. Na uku tagullar ta kumburo kewaye da lotsin, ta nemi shiga ramin allura. Na huɗun a tsakiyar lotsin akwai ɗan baƙin huji, da toka ta yi masa zobe. Ta wannan hujin hayaƙi mai zafi ya fita baya. In ya yi sau ɗaya yana cinye kan allura ya bar shi da kaushi, allura mai kaushi kuma ta riƙa huda na gaba ko da ɗurin daidai yake. In ya yawaita ya sassaƙe fuskar sakata. Mai bindigar yana sanye da gilashin kariya a ranar, shi ya sa labarin ya tsaya a kan kwanso.

Kauri ma da nasa kuɗin. Bindigar da sifirin allurarta ya saki, ko wadda aka sassauta don kunama ta yi laushi, tana iya dukan ƙoƙo mai kauri ya ƙi tashi. Wani lokaci kuma ya yi jinkiri sannan ya tashi, wanda shi ya fi muni. Ƙa'idar filin harbi ita ce in ka ja ba ta tashi ba, ka bar bakin bindiga inda yake, kada ka buɗe, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa 30. Maharban toka sun san wannan tun kaka da kakanni: ba a leƙa bakin bindigar da ta yi gardama.

Ƙaramar firaimar bindigar hannu faɗinta da tsayinta ɗaya da ta raifil, tana shiga daram. An yi ta da laushi don allura marar ƙarfi da matsi kaɗan, saboda haka sa ta a .223 neman huji ne. Abin da ke nuna cewa matsi ne ke hukunci, akwai harsashin bindigar hannu mai suna .454 Casull da matsinsa ya yi yawa har ƙaramar firaimar raifil ake sa masa.

Sai maganar ƙarfin wuta, inda kalmar magnum ke ruɗin mutane. Ana jin ta a ɗauka ita ce ta fi kyau. Abin da take nufi kawai shi ne harshenta ya fi zafi, ya fi daɗewa. Wuri biyu take da amfani. Na farko albarushi mai ƙwayoyi zagayayyu, wanda ake yi wa rufi don ya rage saurin ci, rufin kuma ya sa ya yi wuyar kamawa. Na biyu sanyi, kuma sanyin da ake nufi shi ne na ƙasashen da ruwa ke daskarewa a waje; hunturunmu na Disamba da Janairu, duk da yana sa mu ƙudundune, bai kai nan ba. A kwanso ƙarami irin na Hornet kuwa, firaima mai ƙarfi ɓarna take yi: tana iya tunkuɗa ƙwaya gaba tun albarushi bai kama sosai ba, sarari ya ƙaru, wannan harbi ya fita da gudu dabam, na gaba dabam. Nan mai sanyin wuta ta fi. Abin lura kuma, da yawa cikin masu sayen CCI 450, wadda magnum ce, ba zafinta suke nema ba, kaurin ƙoƙonta suke so. Siffofin biyu sun haɗu a kwali ɗaya, sai a riƙa jingina wa ɗaya aikin ɗayan.

Akwai wani rukuni da aka yi don wata matsala dabam. Wasu bindigogi masu ɗura kansu allurarsu ba ta da sifirin da ke riƙe ta baya. Idan sakata ta rufo da ƙarfi, allurar na zuwa da gudunta ta ɗan taɓa firaima, har in aka fidda harsashin ba a harba ba sai a ga ɗan tabo a kai. In firaimar mai saurin kamawa ce, ko ba ta zauna sosai a raminta ba, tana iya tashi ba wanda ya taɓa kunama, wani lokaci ma kafin sakata ta gama kullewa, wanda ke tarwatsa bindiga. CCI No. 41 an yi ta ne bisa ƙa'idar soja ta harsashin 5.56 don rage wannan hatsari. Ba ta da saurin kamawa, ƙarfin wutarta kuma na magnum ne. Irin waɗannan bindigogi a wurinmu makaman yaƙi ne, ba na farar hula ba. Na kawo su ne don darasin zama: firaima kowace iri ce, dole ta nutse ƙasa da fuskar kwanso kaɗan, ƙafafun uwar maƙera su taɓa ƙasan rami. Wadda ta yi tudu, ko ta ƙi tashi a dukan farko, ko ta tashi lokacin da ba a neme ta ba.

Firaimar gasa, irin su Federal 205M da CCI BR-4, ita ce ta fi tsada, kuma ita ce mutane suka fi yi wa zaton abin da ba ta yi. Ba ƙarin ƙarfi ake saye ba, daidaito ne: ƙullin sinadarin kowace ƙwaya ya zo kusan ɗaya da na ƴar uwarta, gudun harsashi ya rage bambanta daga harbi zuwa harbi. Wanda ke gasa a mita 600 ko 1,000, ɗan bambancin gudu yana zama tazara a allo, don haka kuɗinsa bai faɗi ba. Lou Palmisano da Ferris Pindell, da suka fito da harsasan PPC a tsakiyar shekarun 1970, sun gina su ne a kan ƙaramar firaima da matsattsiyar kafar wuta, harsashin ya mamaye gasar harbin tebur. Wannan tunani ne ya sa kamfanin Lapua na Finland yake ƙera kwanson .308 da na 6.5 Creedmoor mai ƙaramin rami, ko da yake asalinsu babbar firaima suke ci. Ƙaramin rami yana barin tagulla da yawa a gindi, kwanso ya fi jure maimaici. Amma mafarauci mai harbi a mita 100, hannunsa da numfashinsa sun fi firaimar gasa tasiri nesa ba kusa ba.

Duk wannan yana komawa ga littafin ɗuri. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya, irin su Hodgdon, Vihtavuori, Sierra da Hornady, suna gwada kowane ɗuri a bututu mai na'urar auna matsi, su rubuta kwanso kaza, albarushi kaza, ƙwaya kaza, firaima kaza. Lissafin na waɗannan huɗun ne tare. Wanda ya sauya firaima ya fita daga abin da aka gwada, ko da sauran ukun suna nan, sai ya koma mafi ƙarancin abin da littafi ya rubuta ya hau a hankali. Kallon gindin kwanso ma ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi gaba ɗaya, domin ƙoƙo mai kauri yana ɓoye alama: matsi ya wuce iyaka shi kuma yana nan garas. Ga wanda ke zaune a ƙasa irin tamu akwai ƙari. Gwaje-gwajen nan ana yin su a zafi na wajen digiri 21. A Maradi watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, harsashin da ya wuni a cikin mota ko a rana kuwa ya fi haka nesa. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsi ya hau. Wannan ya shafi har harsashin kanti na mai bindigar farauta da takardarsa: ba a barinsa a gaban mota.

Yadda ake sayar da firaima ma darasi ne. Tana zuwa ɗari-ɗari a ƴar farantin roba, kowace ƙwaya da nata gurbi, faranti goma a kwali ɗaya. Ba ado ba ne. Ƙwaya guda in ta tashi ƙara ce da ɗan tartsatsi, amma in an juye ɗaruruwa a kwalba ko gwangwani, ɗaya ta kama duk sun kama a lokaci guda, kwalbar kuma ta zama abin da ke yanka jiki. Shi ya sa ake barinta a farantinta, nesa da albarushi, nesa da zafi da mai, kuma ba a kulle ta a akwatin ƙarfe marar mafitar iska. Bushewar hunturu, lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan ja shi, lokaci ne na ƙarin hattara da duk abin da tartsatsi ke tadawa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa haɗe-haɗen gida da wasu ke cusa wa bindigar toka a madadin hula suke tayar mani da hankali. Kamfanonin nan a jiƙe suke sarrafa sinadarin, a ɗakuna na musamman, don a bushe ba ya da amana. Abin da aka haɗa a zaure ba a san ƙarfinsa ba, ba a san yaushe zai tashi ba, kuma yatsu da idanun da ya ci a karkara ba a rubuta su ko'ina ba.

Dalmar da na ambata tana fita cikin hayaƙin kowane harbi, tana kuma zama ƙura a tsohuwar firaima da cikin kwanso. Ita da wasu ƙarafa biyu, bariyam da antimoni, su ne masu binciken laifi ke nema a hannun wanda ake zargi ya yi harbi. Mu maƙwabtan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yawan ba ɗaya ba ne, amma gubar ita ce, kuma yaro ta fi kamawa. Yanzu akwai firaima marar dalma, an fi amfani da ita a filayen harbi na cikin gini.

A Nijar riƙe bindiga da harsashi sai da izinin hukuma, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta haɗa har da harsasai da kayan haɗa su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ficewar ba ta soke dokokin cikin gida ba. Kuma ko ba doka, wanda ya san abin da mutanen Gidan Rumji, Gabi da gefen dajin Baban Rafi suke sha a hannun ƴan bindiga, ya ga ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019, ba zai ɗauki harsashi abin wasa ba. Ƙanena a Faransa kowace ƙwaya da yake saye da lasisinsa yake saye, a filin da aka yarda yake harbi. Saurayin da ya ga bidiyo ya nemi kwaikwayo a nan, ba shi da littafi, ba shi da sikeli, ba shi da izini, gidan kaso ko asibiti ne gabansa.

Inda wannan sani zai yi wa mutumin Maradi aiki kai tsaye shi ne gona da bola. Manoman kan iyaka suna tono harsasai da kwansaye, yara suna tsintar su su haɗa da gwangwan su kai wa masu saye, daga nan wasu su faɗa tukunyar masu narka ƙarfe. Kwanson da ba shi da ƙwaya ba lallai ne ya mutu ba. In gindinsa ba shi da lotsin allura, firaimarsa da ranta, kuma tana iya shekaru masu yawa a ƙasa ba ta lalace ba. Duka da dutse yana tada ta, wuta ma haka, ta fito daga raminta da gudun da ke fasa ido. Mai lotsi da ƙwayarsa a kai ma ba abin yarda ba ne, wanda ya ƙi tashi jiya yana iya tashi yau. Wanda ya samu irin wannan ya bar shi inda yake, ya hana yara zuwa wurin, ya shaida wa mai gari ko jandarma. Kada a goge shi, kada a kankare rubutun da ke kewaye da firaimar, domin galibi lambar masana'anta da shekarar ƙira ce a wurin, da ita masu bincike ke bin sawun hanyar da harsashin ya biyo ya shigo yankin.